Tambaya da Amsa: Ta nemi karatun lauya, an ba ta Tarihi

Tambaya: 'Yata ta nemi karatun lauya a jami'a, da sunaye suka fito sai aka ba ta Tarihi. 'Yan uwa na cewa wannan kwas ɗin ba ya ciyar da kowa, ƙarshenta koyarwa. In bar ta ta karɓa, ko ta haƙura ta sake rubuta JAMB baɗi? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Alhaji, Allah ya raya maka. Kafin komai ka zaunar da ita ka ji ta bakinta, domin ita za ta yi shekara huɗu tana karanta littattafai masu kauri, ba 'yan uwa ba. Rashin samun gurbin lauya ba ya nufin ta gaza. Hukumar da ke kula da karatun shari'a ta ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa duk shekara ake barin masu maki mai kyau a waje, kuma babu tabbacin baɗi layin zai ragu.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne ta shiga Tarihi da niyyar “in na gama aji ɗaya a mayar da ni lauya”. Akan yi sauyin kwas, amma ƙofar tsangayar shari'a ita ce mafi ƙunci, kuma yarinyar da ta shiga da rabin zuciya takan ɓata sakamakon shekarar farko, ta rasa nan ta rasa can. In zuciyarta na kan lauya har yanzu, wasu jami'o'in na karɓar mai digirin farko kai tsaye zuwa aji biyu na karatun lauya, muddin ya fita da sakamako mai kyau. Hanya ce mai tsawo da cin kuɗi, amma akwai ta.

Shi kuwa Tarihi a jami'a ba haddar sunayen sarakuna ba ne. Ana koya wa ɗalibi yadda zai ɗauki takarda ya tambayi wanda ya rubuta ta, da dalilin rubutawa, da abin da aka ɓoye. A Kaduna kaɗai akwai Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa inda rahotannin razdan da na joji, wato jami'an Turawan mulkin mallaka, ke jibge. A Sakkwato akwai cibiyar Waziri Junaidu, a Kano ga Gidan Makama. Ɗalibar da ta zauna ta kwatanta rahoton Bature kan harajin wata gunduma da abin da tsofaffin garin suka faɗa mata da baki, ta rubuta shafi sittin a kai, ta koyi abin da gidajen jarida da ƙungiyoyin agaji da ofisoshin gwamnati ke nema: iya bincike da iya rubutu.

Ba zan yi maka romon baka ba. Babu kamfanin da ke tsaye a bakin ƙofa yana jiran mai digirin Tarihi ko Hausa ko Larabci. Mai wannan digiri sai ya haɗa da wani abu a hannu, kamar kwamfuta, fassara, ko Faransanci. Koyarwar da ake rainawa kuma aiki ne na halal, ga shi an dawo da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare. In tana son karatu da rubutu, ta karɓa. In ko labarin jarida ba ta iya gamawa, kada a tilasta mata.

Tambaya: Ina aji ɗaya a sashen Turanci. Manyanmu sun ce shekarar farko ta sabo ce, a aji uku ake dagewa. Gaskiya ne? Kuma da gaske darajar digiri na da tasiri? Daga wani ɗalibi a Azare.

Amsa: Ɗana, waɗanda suka faɗa maka haka ka nemi su nuna maka sakamakonsu. Digirin da ake rubuta wa B.A. Hons daraja-daraja ne, kuma a akasarin jami'o'inmu da ma'aunin maki 5 ake lissafi, ana tarawa tun daga zangon farko. Daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya ce. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, daga 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama, daga 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Wanda ya ci 70 a kwas yana da maki 5, mai 60 yana da 4, mai 50 yana da 3.

Yi lissafin da kanka. A ce ka yi wasa ka gama aji ɗaya da 2.50. In nauyin kwasakwasan shekarun ya zo ɗaya, kafin ka taɓo 3.50 sai ka riƙa samun kusan 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Wato kusan 60 a kowace jarrabawa, a lokacin da karatun ya fi tauri, a sashen da malamai ba sa rabon maki kamar goro. Tun ran gini ran zane. Kwasakwasan bai ɗaya da kowa ke rainawa, su ne ma wurin tara maki cikin sauƙi.

Tasiri kuwa akwai. Yawancin tallafin karatu a waje da ɗaukar mataimakin malami a jami'a daga ta biyu babba suke farawa. Mai ta biyu ƙarama yakan samu shiga digiri na biyu, mai ta uku galibi sai ya bi ta difloma tukuna.

Tambaya: Ɗana zai fara karatun Hausa. Kuɗin hannuna kaɗan ne. Yana son babbar waya, kawunsa ya ce laftof, ga kuma jerin littattafai. Wanne zan fara saya? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Hajiya, kawun ya fi gaskiya, amma ba sabuwa ba. Ɗalibin harshe ba zanen gini zai yi ba, rubutu ne da karatu, don haka ta hannu mai lafiya ta wadatar. A je da wanda ya sani. A cire caja a shagon a ga tsawon lokacin da batirin zai riƙe, domin a ɗakin kwanan ɗalibai wuta ba ta da alƙawari. A buɗe shafin rubutu a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a duba allon ko akwai ɗigon baƙi, a karɓi rasit. Tun ranar farko kuma a sa masa tsarin rubuta ƙ da ɗ da ɓ, kyauta ake samunsa, kuma malamai na rage maki a kan wannan.

Littattafai kada ki saye su jimla. Ya fara shiga aji ya ga waɗanda malamai ke aiki da su da gaske, saura yana ɗakin karatu ko a wurin 'yan aji biyu da araha. Ƙamus ne kawai zan ce a mallaka, kamar na Hausa zalla da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Wayar da yake da ita, in tana ɗaukar murya sosai, ta isa.

Abin da iyaye ke mantawa shi ne aji huɗu. Kundin kammalawa na cin kuɗin mota zuwa wurin makaɗi ko maƙeri ko wata tsohuwa mai tatsuniya, da ɗan goron da za a ba su, da bugawa, da sake bugawa bayan malami ya cika shi da jan biro, sannan ɗinkin kwafe-kwafe. Ki riƙa ajiye wani abu tun yanzu. Masu sayar da kundi rubutacce a bakin makaranta kuwa, ya guje su. Ranar da aka tsayar da shi ya kare aikin, tambaya biyu ta isa ta tona asiri. In jami'ar gwamnati ce, ya nemi rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, da aka fara a 2024. Ba shi da kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, amma dai bashi ne.

Tambaya: Ina da NCE a Larabci da Addinin Musulunci, ina koyarwa, shekaruna 28. B.A. zan nema ko B.A. Ed? Daga wani malami a Potiskum.

Amsa: Malam, ka nemi shiga kai tsaye, za ka fara daga aji biyu ka gama a shekara uku. In a aji za ka ci gaba da zama, B.A. Ed, wanda ke haɗa fanninka da darussan koyarwa, ya fi dacewa da aikinka. In burinka bincike ne da digiri na biyu a Larabcin kansa, B.A. zalla ya fi zurfi, kuma NCE ɗinka ta riga ta ba ka damar rajista da hukumar malamai. Ka dai san za ka gama bayan ka haura 30, don haka takardar ɗauke bautar ƙasa za a ba ka. Kafin ka sayi fom, ka fara neman izinin karatu a rubuce daga hukumar da ta ɗauke ka aiki.