Gunkin rana a kuɗin zinaren Konstantin

Malam, ka ce ka ga hoton kuɗin zinare na sarkin Rumawa Konstantin da gunkin rana a jiki, kana tambaya ko na jabu ne tunda ai Kirista ne. To ba lallai ba ne gaskiya. Rumawa dama can haka suke buga kuɗinsu, gefe ɗaya kan sarki, ɗaya gefen wani abin bautarsu, Jupiter ko Mars ko Victoria mai fukafukai riƙe da kambin ganye, don talaka ya san alloli na bayan mai mulki.

Shi Konstantin bayan ya ci yaƙin gadar Milvian a 312 bai watsar da Sol, wato gunkin ranar nan, nan take ba. Akwai ma wani na zinare da aka buga a garin Ticinum na Italiya a 313, fuskarsa da ta Sol kafaɗa da kafaɗa, kan Sol ɗin na fitar da tsirkiyar haske, sai wajen 325 aka daina sa shi. Ni a ganina siyasa ce kawai, sojojinsa da yawa ba Kiristoci ba ne, wa zai tsokano su?

Hoton gicciye a kan matakala a jikin kuɗin Rumawa sai can zamanin sarki Tiberius na biyu, 578 zuwa 582, hoton Annabi Isa kuwa sarki Justinian na biyu ne ya fara sa shi a kuɗin yau da kullum wajen 692.

In za ka saya dai a auna maka tukuna, solidus na gaske, wato kuɗin zinaren Rumawa, giram 4.5 ne ko kusa da haka.