Yarona ya kamu da ɗaga ƙarfe, in hana shi?

Tambaya: Ni uwa ce a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Yarona mai shekara 22 ya samu bak ɗinsa, wato takardar gama sakandare, shekara biyu ke nan, aiki shiru. Yanzu ba shi da zance sai ɗaga ƙarfe. Shi da abokansa sun cika gwangwanaye da siminti sun soka musu sandar ƙarfe, safe da marece suna kai. Ya kuma koyi tsayuwa gaban madubi yana duban damatsansa. Maƙwabta na ce mini haka ƴan pale, gungun samarin nan masu tada fitina a gari, suke farawa. In hana shi?

Amsa: Hajiya, kada ki hana shi tukuna. Ki fara duba abin da ƙarfen yake ba shi wanda gari ya hana shi.

Saurayin da ya yi shekara goma sha uku a lakwal, ya kai takardu nan ya kai can ana ce masa ya dawo gobe, zuciyarsa takan fara yarda cewa wahala ba ta biya. Ƙarfe kuwa ba ya son kai, ba ya tambayar ɗan wane ne. Wanda ya ɗaga kilo 30 a watan jiya, in ya dage, zai ɗaga 35 a wannan watan, kuma da idonsa zai ga hujja a jikinsa. A iliminmu na halayyar ɗan Adam, wannan jin na "ni na yi, kuma ya yiwu" yana cikin manyan abubuwan da ke riƙe mutum kada ya faɗa baƙin ciki mai tsanani. Ga shi yana da dalilin tashi da asuba, ga abokan da za su tambaya in ba su gan shi ba. Wanda ya taɓa zaman kashe wando a fada daga hantsi har dare, shayi na farko har na uku, ya san darajar wannan.

Son ƙarfi ma ba baƙonmu ba ne. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tawa, ƙasar nan take tsayawa cak don kallon ƙarfafa, filin kokowarmu na Damagaram kuma sunan gwarzon ɗan kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi. Bambancin kawai, ɗan kokowa yana gina jiki don ya kayar, mai wannan sana'a yana gina shi don a gani. Haka take tun asali: a gasar da shahararren mai gina jiki Eugen Sandow ya shirya a Landan a 1901, siffar jiki alƙalai suka duba. Don haka madubin da ya tayar miki da hankali kayan aiki ne, kamar awo a hannun tela.

Zancen maƙwabta yana da tushe, kowa ya san wasu pale suna ɗaga ƙarfe. Amma ba simintin ke sa yaro ya ɗauki adda ba, abokan tafiya ne. Ki san su wa yake ɗagawa da su, shi ke nan a wannan.

Inda nake so ki sa ido sosai daban ne. Akwai lalurar da likitan ƙwaƙwalwa Harrison Pope na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana a shekarun 1990: mutum ya cika ya batse, amma in ya dubi madubi ɗan tsurut yake gani. Mai wannan hali ba ya fita daga gaban madubi da fara'a, da ɓacin rai yake fita. Yakan ƙi zuwa biki ko suna don kada atisaye ya wuce shi, ya ɗaga ƙarfe da ciwo a kafaɗa, ya sa manyan riguna a zafin watan Afrilu don yana jin kunyar jikinsa, rana guda ta hutu kuma ta zame masa kamar an yi mutuwa. In kin ga haka, abin ya tashi daga gina kai ya koma gudun kai, sai a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, ba faɗa ba.

Daga nan ne kuma ƙwayoyi suke shigowa. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka suna sa jiki ya daina yin nasa sinadarin mazakuta, su rage maniyyi, su fito wa namiji da nono, su taɓa hanta da zuciya, su kawo saurin fushi. Wasu daga cikin "sha ka fashe" na ƴan tebur kuwa ruwa da kitse suke tarawa, tsokar ma cinye ta suke yi. Tramol yana rufe ciwo ne har yaro ya yaga jijiya bai sani ba, sannan ya kama shi har ya kasa daina sha.

Ki zauna da shi bayan isha'i, ba gaban ƙannensa ba, ki ce ya faɗa miki kilo nawa ya kai. Za ki sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe. A cikin hirar ki tambaye shi ko yana shan wani abu don jikin. In ya ce a'a, ki ƙara masa wake, ƙuli-ƙuli, nono da ƙwai gwargwadon hali, ki tuna masa tsoka a barci take ginuwa. In ya nuna miki kwalba ko ƙunshin ƙwaya, ku ɗauke shi tare ku kai farmasi a karanta muku abin da ke ciki.