Kama da wane ba wane ba ne: an ce zanen mahaifina bai yi kama da shi ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina cikin damuwa. Bayan rasuwar mahaifinmu bara, na ba wani matashi aikin zana mini shi da fentin mai. Ya karɓi hotuna tara, ya yi ta tambayata sana'arsa da yadda yake zama, ya shafe wata biyu a kai. Baba tela ne, shekara arba'in yana kan keke. Da aka kawo zanen, yayyena suka ce an cuce ni: ga kore da shunayya a fuska, hannuwa sun yi girma, kafaɗa ɗaya ta sauka, kuma babu murmushin da ke hotonsa na Sallah. Mahaifiyarmu ce kaɗai ba ta shiga maganar ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce "haka yake ajiye hannunsa," ta shige ɗaki. Yanzu yayana ya samo wani a Instagram da zai yi mana sak kamar hoto cikin kwana biyu, a kan kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin. Na ɗan yi zane a makaranta, ba baƙo ba ne ni a harkar, amma na rikice. In mayar da wannan in karɓi kuɗina? Ga hoton zanen na haɗo. Batun hukuncin zanen mutum a addini na riga na tattauna da malamina, ba shi nake tambaya ba.

AMSA

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Kada ka mayar da zanen. Na duba hoton da ka haɗo, kuma abubuwa huɗun da yayyenka suka lissafa a matsayin laifi, su ne suka nuna mini yaron nan ya san aikinsa.

Tunda ka taɓa riƙe burushi, ka san fatar baƙin mutum ba launi ɗaya ba ce. Ka kalli goshin dattijo a zaure da hantsi: inda hasken sama ya sauka akwai shuɗi, ƙarƙashin ido akwai shunayya, gefen muƙamuƙi inda aka aske gemu akwai kore-kore, kunne kuwa ja ne in rana ta bi ta bayansa. Mai koyo ne yake dama ruwan ƙasa guda ya shafe fuska da shi kamar yana yaɓe. Amoako Boafo, ɗan Gana da aka haifa a Akara a 1984, da yatsunsa yake zana fata, kana ganin sawun yatsa yana murɗawa da shuɗi da ja da ruwan goro, rigar kuwa ya bar ta shafal. Kerry James Marshall na Amurka baƙin fenti har iri uku yake amfani da su, saboda wani baƙin yana da ɗumi, wani yana da sanyi, kuma da bambancinsu yake fito da hanci da kumatu. Koren da ke fuskar Baba daga wannan makarantar ya fito.

Hannuwa da kafaɗa kuwa, ai amsar tana cikin wasiƙarka. Wanda ya yi shekara arba'in yana tura yadi ƙarƙashin allura, jikinsa ya rubuta wannan sana'ar. Mai zanen ya tambaye ka, ya ji, ya sa a aikinsa. A zanen namiji na fi daɗewa a kan hannu da kafaɗa fiye da fuska, domin mu maza mun iya shirya fuska. Da an ce za a ɗauki hoto sai a gyara hula, a buɗe ƙirji, a ɗauko fuskar da ake so duniya ta gani. Hannu ba ya samun wannan labarin, yana nan yadda aiki ya bar shi. Ka nemo zanen Barack Obama da Kehinde Wiley ya yi, wanda aka buɗe a Washinton a Fabrairun 2018. Tsohon shugaban ƙasa ne, amma ga shi zaune a kujera ya ranƙwafo gaba, babu laƙtayi, ganye ya kewaye shi, ka kuma dubi girman hannuwan da ya harɗe a kan gwiwa. Ba kuskure ba ne, nan mai zanen yake so idonka ya sauka.

Murmushi kuma abu ne na daƙiƙa. Mai zanen Birtaniya Lucian Freud ya zaunar da abokin sana'arsa David Hockney kimanin sa'a 120 a 2002 kafin ya gama ɗan ƙaramin zanen fuskar Hockney. Wane ne zai riƙe murmushi tsawon wannan lokaci? Abin da ke saura bayan murmushin ya gaji, wato fuskar da mutum yake zama da ita in ba kowa, ita mai zane yake nema. Baba bai samu zama gaban yaron ba, shi ya sa yaron ya nemi hotuna tara maimakon ɗaya.

To, bari in zo kan abin da ya fi ci mini rai, domin kusan kullum sai na yi wannan gardamar, da ɗalibai, da iyayensu, da masu kuɗin da ke son a zana su. Mutanenmu sun ɗauka ma'aunin zane guda ɗaya ne: ya yi kama da hoton kyamara kamar an tsaga kara. Yabon da ya fi kowane girma a wurinsu shi ne "wallahi na ɗauka hoto ne." Ka tsaya ka auna wannan magana. In iyakar burin zane shi ne a ɗauka hoto ne, me ya sa za ka jira wata biyu? Ai hoton yana cikin wayarka, ka kai a wanke maka babba, a sa a firam, kafin la'asar an gama.

Kuma wa ya ce kyamara gaskiya take faɗa? Ido ɗaya gare ta, ƙiftawa ɗaya take kamawa. In ta matso kusa sai ta kumbura hanci ta tura kunnuwa baya. Fitilarta tana wanke inuwar fuska ta bar ta kamar faranti. Wayoyin yanzu ma da kansu suke goge tamoji, su haska fata, ba tare da an tambaye su ba. Abin da yayyenka suke kira "kamannin Baba" kamannin hoto guda ne, na safiyar Sallah guda, da sabuwar riga. Hajiya kuwa ba da hoton Sallah ta auna ba, da shekarun da ta yi tana kai masa abinci yana kan keke ta auna. Irin haka ta faru da zanen Sarki Charles na Ingila da Jonathan Yeo ya yi, wanda aka buɗe a Mayun 2024. Ja ne jawur daga sama har ƙasa, intanet ta ɗauka da surutu, wasu na cewa jini, wasu na cewa wuta. Amma mai zanen ya ce da matar sarkin ta gani, ta shaida masa cewa ya kamo shi.

Ba ina raina masu zane sak da hoto ba ne, kada a fahimce ni a baibai. Aiki ne mai cin ido da ƙashin baya. Eli Waduba Yusuf daga Kaduna ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir a 2019, har mutumin ya gani ya nemi ya saya. Arinze Stanley da Kelvin Okafor suna shafe sa'o'i masu yawan gaske a kan fuska ɗaya, kowane ramin gashi sai sun bi shi. Na yaba musu. Sai dai wannan hanya ɗaya ce cikin hanyoyi, kuma ko a cikinta waɗanda suka yi fice sun yi ne da abin da suka zaɓa su nuna, ba da ƙirga gashin gira kaɗai ba. Lynette Yiadom-Boakye, 'yar Birtaniya mai asalin Gana, mazan da take zanawa ba su taɓa rayuwa ba, daga kanta take ƙago su. Babu wani wane da za a ce sun yi kama da shi, amma ka tsaya gabansu sai ka ji kamar ka taɓa zama da su a majalisa. An sa ta cikin 'yan takarar kyautar Turner, babbar kyautar fasaha ta Birtaniya, a 2013. Da ma'aunin yayanka, da me za a auna ta?

Ɓarnar wannan fahimta ba a kan ɗanɗano ta tsaya ba, shi ya sa nake ɗaga murya. Na ga yara masu baiwa, waɗanda in suka ja layi ɗaya da gawayi kana jin nauyin mutum a ciki, sun watsar da wannan sun koma raba hoto gida-gida suna kwafa, saboda shi ne ake tafa wa a Facebook. Bayan shekara biyar ka zaunar da mutum mai rai a gabansu, ba za su iya zana shi ba. Tun 1958 ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka ƙi yarda a ce kwaikwayon ido irin na Turawa shi ne iyakar fasaha. Grillo ya yi ta zana mutane da shuɗi da shunayya, da dogayen wuya, har ya rasu a 2021, kuma babu mai hankalin da ya ce bai iya ba. Abin takaici ne a ce bayan shekara sittin da ɗoriya mun koma baya, muna tuhumar yaro don ya sa kore a kumatu.

Sannan wannan fahimtar ita ce ta buɗe wa 'yan sojan gona kasuwa. Da zarar mai saye ya ce shi dai a yi masa kamar hoto, ya miƙa wuyansa. Ga yadda suke yi: ka tura hoto, su bi ta kansa da manhajar waya ko ƙirƙirarriyar basira ya ɗauki kamannin fenti, su buga shi da inji a kan ƙyallen zane, su shafa wani ruwa mai kauri marar launi da burushi don a ga sawu, su sa hannu a ƙasa. Wasu har bidiyo suke ɗauka suna ɗiga fenti a kan abin da inji ya riga ya gama. Ban ce mutumin da yayanka ya samo haka yake ba, amma kwana biyu da rubu'in kuɗi sun isa su sa ka tsaya. Fentin mai kwanaki yake yi kafin shafi ɗaya ya bushe a ɗora wani, inda ya yi kauri kuwa makonni. Ko da fentin roba mai saurin bushewa ne, babban zane sak da hoto ba aikin kwana biyu ba ne. Araha ba ta ado.

In yayanka ya nace, ku je da shi ku ga aikin mutumin ido da ido. Ka kashe fitila, ka haska tocila daga gefe, dab da ƙyallen. A zanen hannu sawun burushi yana bin siffa: ya zagaya kumatu, ya sauka da hanci, ya tsaya inda launi ya tsaya. A na bogi sawun yana ratsa ido da hula da bango duk ɗaya, ba ruwansa da abin da ke ƙasa. Ka matso da kyamarar wayarka ka zuƙo wuri mai haske kamar farin ido. In ka ga ɗige-ɗigen tawada ƙanana birjik, inji ne. Ka juya ka dubi gefen ƙyallen, na hannu ba ya rasa ɗigon fenti da dattin yatsa. Sannan ka ce ya nuna maka wani aikin da ya kai rabi. Mai zane na gaskiya ɗakinsa cike yake da su.

Duk da haka, kada ka ɗauka na ce kama ba ta da amfani. Zanen mahaifinka ne, ba na wani dattijo ba, kuma kana da haƙƙi. Akwai kama ta ƙashi da ba a wasa da ita: tazarar ido da ido, tsawon haɓa, faɗin goshi, inda kunne ya zauna. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce, babu wata maganar fasaha da za ta rufe shi, kuma na tsani masu zanen da ke fakewa da "salona ne" don ɓoye rashin iya awo kamar yadda na tsani masu buga hoto da inji. A hoton da ka turo ban ga wannan matsalar ba, amma ku kuka san shi. Gwajin mai sauƙi ne. Ka kira abokan Baba biyu ko uku na layin teloli, kada ka gaya musu komai, ka tsayar da su taku huɗu daga zanen. In sun ambaci sunansa kafin ka buɗe baki, magana ta ƙare. In kuwa dukkansu suka nuna wuri guda suka ce nan ba haka yake ba, ka koma wa yaron da girmamawa ka gaya masa. Gyara bayan an kai aiki ba abin kunya ba ne a sana'armu, kuma in bai shafa man kariya na ƙarshe ba tukuna, wanda sai fenti ya yi kamar wata shida ake sa shi, hanyar gyara a buɗe take.

Kafin nan, ka rataye shi daidai tsayin ido, a bangon da rana ba ta dukansa kuma hayaƙin girki ba ya kaiwa. Kada kowa ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada a shafa masa wani mai don ya yi sheƙi. Ƙurar hunturu da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta. Hoton Sallar kuma a wanke shi babba a ba yayyenka, kowa ya samu nasa. Ka bar zanen wata guda kana wucewa ta gabansa safe da yamma kafin ka yanke shawara, kuma ka tambayi Hajiya wane bango take so a sa shi.