Amsa ga yarona mai son ƙin karɓar aikin albashi ya riƙe kyamara

Jiya muna naɗe wayoyin fitila ka ce mini, "Maigida, na gama jami'a, an kira ni aikin ofis mai albashi, amma raina yana kan hoto. In je ko in zauna?" Na yi maka shiru ne saboda tambayarka ta fama mini tsohon miki. Yanzu ka buɗe kunne.

Ba zan ɓata bakina kan auna haske ko saita kyamara ba. Wanda ya shekara biyu yana riƙe mini jaka bai iya wannan ba, gara ya kama hanyar ofis tun yau. Kana da ido, na gani, kuma ban cika faɗa wa yaro haka ba. Sai dai ni ma ina da ido lokacin da aka yi mini abin da aka yi.

Ni ma takardar ɗaukar aiki na ajiye na kama wannan sana'a, iyayena suna ta faɗa. A shekarata ta uku wani kamfanin kujeru ya neme ni in ɗauki hotunan talla. Manajan mutum ne mai fara'a, har bakin ƙofa ya tarbe ni yana kirana gwani. Na ji kunyar neman kafin alƙalami, na ji kunyar cewa a rubuta yarjejeniya. Na ciwo bashin fim, na yi hayar fitilu, na kwana tara ina aikin. A wancan zamani hoton talla da wani nau'in fim da ake kira silaid ake yi, kuma silaid ba shi da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake sake wanko hoto daga gare shi. Fim ɗin da ya shiga kyamara shi ne hoton, ƙwaya ɗaya tak a duniya. Naɗi ɗaya na babbar kyamarata hoto 12 yake ci, don haka sai mutum ya yi tunani kafin ya danna. Akwai wata kujerar fata da na ajiye kusa da taga, na jira yamma biyu kafin inuwar ta kwanta a hannunta yadda nake so. Har yau ina ganin ɗinkin fatar nan a idona.

Da aka wanko, na shimfiɗa su a kan teburin haske, na bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. Manaja ya duba ya ce, "Bari in nuna wa manya, gobe ka zo ka karɓi kuɗinka." Na miƙa masa ambulan gaba ɗaya, har da waɗanda ban zaɓa ba. Ko takardar shaidar karɓa ban nema ba.

Gobe ta zo, aka ce yana taro. Mako ya zagayo, aka ce ya yi tafiya. Daga baya maigadi ya daina barina in wuce ƙofa. Bayan wata huɗu ina tafiya a ƙafa, na ɗaga kai sai ga kujerata a kan ƙaton allon talla, da inuwar da na jira, babu sunana ko a gefe. Na tsaya a wurin jikina yana rawa. Lauyan da na je wurinsa ya ce doka tana tare da ni, domin tun yarjejeniyar Berne ta 1886 ƙasashe suka fara amincewa da kare haƙƙin mai fasaha, kuma yanzu haƙƙin yana tabbata da zarar an yi aikin, ba sai an yi rajista ba. Sannan ya tambaye ni shaida. Ina takarda? Ina silaid ko ɗaya? Su kuma kamfanin suka ce ma'aikacinsu ne ya ɗauka. Na sayar da gilashin kyamarar da na fi so na biya bashi, na koma ƙarƙashin wani ina ɗaukar hoton fasfo shekara biyu. Mutumin nan ban yafe masa ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku yaran yanzu kun fi ni sakaci. Kuna ɗora aikinku sukutum a Instagram, kuna ƙirga masu yabo. Wani ya ce ku yi masa kyauta zai tallata ku, sai ku washe baki. Ku tura masa asalin fayil tun bai biya ko sisi ba. Kuna son a kira ku masu fasaha, amma kuna ƙyamar zancen kuɗi kamar abin kunya ne. Mai gidan haya ba ya karɓar yabo.

Kada kuma a ruɗe ka da cewa aikin albashi dutse ne da ba ya motsi. Injiniyan Kodak, kamfanin da ke yin fim ɗin hoto, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kamfanin ya ci gaba da dogaro da fim, a 2012 ya shigar da takardar karyewa. Dubban masu albashi ne suka rasa aiki a wannan faɗuwa. Ni da na zaɓi abin da ake kira kasada, ga ni nan da kyamarata, kuma ban taɓa nadamar zaɓin ba. Ambulan nan kaɗai nake nadama.

Ga ra'ayina. Karɓi aikin, ka riƙa ɗaukar hoto a ranakun hutu. Ka tara abin da zai riƙe ka wata shida. Ranar da ka samu mutum uku da suka biya kafin alƙalami ba gardama, suka kuma dawo da ƙafarsu, ka ajiye aikin, ni zan fara sa maka albarka. In ka gaji da ɗaukar hoto bayan tashi daga ofis, ka san sha'awa ce kawai ta ɗebe ka.

Gobe ka zo da wuri da biro da takarda. Za ka rubuta yarjejeniya da hannunka: hoto nawa, a ina za a yi amfani da su, tsawon wane lokaci, rabin kuɗi kafin a kunna fitila, asalin fayil kuma yana wurinka. Akwai mai zuwa da rana kan hotunan kayansa, kai za ka miƙa masa ya sa hannu, ina zaune ina kallonka.