Amsa ga ɗan'uwan da baƙar robar motarsa ta koɗe

Wa alaikumus salam, Malam. Wallahi ina karanta tambayarka raina yana sosuwa, don abin da ke damunka shi ya daɗe yana damuna. Ka ce baƙar robar jikin motarka Pontiac Vibe, ta bamba da ta gefen ƙofofi da ta ƙasan gilashi wajen waifa, duk ta koɗe ta koma toka-toka, kuma duk abin da aka shafa maka a wajen wanki ba ya wuce wanki ɗaya ko biyu. Ni ma irin motar nake ja a nan Zariya, kuma na ga abin da ya ishe ni a kan wannan robar.

Kafin komai ina roƙonka don Allah, kada ka bar kowa ya shafa maka baƙin mai. Ko kyauta ne kada ka yarda. Ni an yi mini, kuma har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Ranar ɗaurin auren ƙanwar matata ne, cikin tsakiyar hunturu, a wani ƙauye bayan Giwa. Da sassafe na kai motar wani wajen wanki a kan hanyar Samaru, na ce a gyara mini ita da kyau saboda manya zan ɗauka. Mai wurin da kansa ya ce akwai wani haɗi na musamman da suke sa wa baƙar roba, in ƙara kuɗi kaɗan za ta dawo sabuwa. Na ƙara. Da na dawo, gaskiya motar tana ta ƙyalli, har na yi masa godiya. Ashe baƙin man da aka juye daga injin wata mota ne ya gauraya da man birki a cikin gorar ruwa, ya ba yaronsa da soso.

Tun kafin mu wuce Shika robar ta fara canza launi. Da muka sauka daga kwalta muka hau hanyar burji, duk jar ƙasar da motar gabanmu ta tayar sai da ta manne a jikin man nan, bamba ta koma ja-ja-ja, tana danƙo. Wannan duk mai sauƙi ne. Da aka shafa fatiha, baffan matata, dattijon da nake jin nauyinsa fiye da kowa a gidan, ya zo ya jingina da ƙofar baya yana gaisawa da mutane. Farar shadda ce a jikinsa, babbar riga mai aiki, sabuwa dal. Yana matsawa sai ga baƙin layi shimfiɗe a bayan rigar, daga wannan gefe zuwa wancan. Wani yaro ne ya fara nunawa. Dattijon ya juyo da rigar ya duba, ya dubi motar, ya dube ni, ya ce "ba komai, Allah ya sa shi ne mafi alheri." Malam, da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Haka ya ƙarasa yinin nan ya naɗe babbar rigar a kafaɗa, ni kuwa ko abincin bikin ban iya ci ba.

Washegari na koma wajen mutumin. Ko kunya babu, wai ai kowa haka suke yi wa, kuma ba wanda ya taɓa dawowa. Na nuna masa inda man ya zubo daga gindin madubi ya bi jikin ƙofa ya dusashe fentin, domin man birki cin fenti yake yi, kowane bakanike ya san haka. Sai ya ce wai dama can fentin ya tsufa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ya ma juya yana kiran wata mota ta shigo. Bayan wani lokaci kuma robar bakin ƙofa, wadda ke tare ruwa da ƙura, ta kumbura ta yi laushi a inda soson ya taɓa, don irin wannan robar ba ta shiri da man inji ko kaɗan. Na bar shi da Allah, amma ko hanyar wurin ba na son bi.

To, ga abin da na gane daga baya. Wannan fari-farin da kake gani ba datti ba ne kawai, fatar robar ce rana ta ƙone. Yawancin irin waɗannan sassa da roba mai suna folifurofilin ake yin su, in ka kwance ɗaya ka duba bayansa za ka ga an buga PP. Baƙinta kuma daga garin kabon da aka cuɗa a ciki yake. Hasken rana yana cinye saman a hankali har ya zama gari. Goga yatsarka ka gani, in ya fito da fari to shi ne. Kuma ka tuna tun 2009 aka daina ƙera Vibe, wato robar kowannenmu ta sha ranar shekaru masu yawa, ga zafin Maris da Afrilu na garin nan, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba har Fabrairu. Shi ya sa duk abin da aka shafa a kan wannan mataccen garin ba ya zama. Kamar mai shafa mai ne a kan faso ba tare da ya goge kaushin ba.

Saboda haka wanki shi ne rabin aikin. Ka samu inuwa, robar ta huce, kada ka yi da tsakar rana. Ruwa da sabulun wanke kwanuka da burushi mai ɗan tauri, ka dirje ta sosai har cikin ƙananan ramukan jikinta, don a nan tsohon folish da man taya suke maƙalewa. Ka ɗauraye, ka bari ta bushe ƙarau. Sannan ka sayi sifirit a kemis ka zuba a farin tsumma ka goge. Za ka ga tsumman yana fitowa da baƙi da ruwan ƙasa, ka ci gaba da canza gefe har ya daina. A lokacin robar za ta fi da muni, kada gabanka ya faɗi, ainihin fuskarta ke nan.

Af, sabulun kwanukan nan na wannan rana ɗaya ne kawai. Bayan ka gama gyara kada ka sake barin a wanke maka da shi ko da Omo, su ne ke kwashe duk abin da ka shafa. Masu wankinmu kuwa sai a hankali, tsumma ɗaya ne na taya, shi ne na gilashi, shi ne na jikin mota. Ni yanzu da sabulun mota da tawul ɗina nake zuwa, kuma ina tsaye ake yi, ko za a ce na cika fitina. Ga ruwan wasu rijiyoyin burtsatse da ke barin farin tabo in ya bushe da kansa, dole a tsane shi nan take.

Game da abin shafawa, man taya mai silikon shi ne wanda ka ce ba ya daɗewa. Ƙyalli kawai yake yi, ya ja ƙura, ruwan farko ya tafi da shi. Wanda ya yi mini amfani shi ne irin mai rini a ciki, kamar Solution Finish, domin shi baƙi yake mayar wa robar. Ka liƙa tef ɗin masu fenti a gefen fenti da gilashi, ka sa safar hannu don yana kama fata, ka ɗiga kaɗan a soso ka shafa siriri, bayan 'yan mintoci ka goge ragowar da busasshen tsumma. Kada ka cika, yawan ba ya ƙara komai sai zane-zane. Akwai kuma masu yi wa robar rufi mai ƙarfi, irin su Cerakote da Gtechniq C4, waɗanda sun fi jure wanki. Duk wanda ka sa, kada ruwa ya taɓa motar sai ta kwana ta yini, don haka aikin rani ne, kada ka fara shi a Agusta. Ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, kuma ka kula da inda za ka saya, jabu ya yi yawa. Ka fara gwadawa a ƙasan bamba inda ido ba ya kai wa.

Za ka ji masu cewa a bi robar da wuta. Na ga an yi wa maƙwabcina a Tudun Wada. Nan take ta yi baƙi, har mutane suka taru suna mamaki. Ba a jima ba ta koɗe fiye da da, ta yi dabbare-dabbare, kuma ta bushe har wani kunne ya karye da aka zo kwance bamba. Zafin yana narka saman ne kawai, kuma kowane zagaye ƙara gajiyar da robar yake yi. Man gyaɗa da Kiwi su ma na kwana biyu ne, kuma ka riga ka ji abin da ke faruwa da farar riga.

In robar ta riga ta yi nisa, ta fara tsattsagewa, sai fenti ko canji. Amma ka gaya wa mai fentin ya fara fesa maganin da ke sa fenti ya kama roba, in ba haka ba ɓarewa zai yi, PP ba ta riƙe fenti haka kawai. Ta ƙasan waifa kuwa, wadda ta fi kowacce shan rana, wani lokaci gara ka leƙa wajen masu kayan Beljiyom a Sabon Gari ka samo mai sauran rai.

Sai inuwa. Na san ba kowa ke da rumfa ba, ni ma gidan haya nake. Amma a wajen aiki nakan zagaya in nemi gindin darbejiya ko da zan yi 'yar tafiya a ƙasa, kashin tsuntsu dai nake gogewa da wuri. In za ka rufe da tamfol ka kaɗe ƙurar tukuna, don iskar hunturu tana kaɗa shi ya riƙa gurzar fenti. Kuma duk ranar da za a yi wa motar folish, ka tsaya a kansu su rufe robar, farin da yake bari a jikinta yana da wuyar fita.

Ka turo mana hoton bambar da na wajen waifa da rana, ka kuma faɗa mana ko yatsarka ta fito da fari, sai mu ga ko rini zai ishe ka ko sai an kai ga fenti. Allah ya rufa asiri.