Amsa ga mai tambaya kan matakan ginin jikin mai rai

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka mai shirin jarrabawar WAEC ya haddace matakan nan a jere, amma da aka tambaye shi dalilin da ya sa ake lissafa jini a cikin tishu sai ya yi shiru, shi ya sa kake neman yadda za ka fahimtar da shi. Na shafe shekaru ina koyar da bayoloji a makarantun ƙauyukan ƙasar Haɗejia, inda sau da yawa ko madubin ganin ƙananan halittu ba mu da shi, kuma abin da na lura da shi shi ne yaro ba ya riƙe darasin nan sai ya gane cewa kowane mataki yana yin aikin da na ƙasa da shi ba zai iya yi shi kaɗai ba.

Tubalin farko shi ne ƙwayar halitta, wadda Robert Hooke na Ingila ya fara bayyanawa a 1665 da ya duba ɓawon itace a madubinsa. Ƙwayoyin da suka haɗu kan aiki guda su ne tishu, tishu iri-iri su gina gaɓa kamar zuciya ko hanta, gaɓoɓi su haɗu su zama tsari, tsare-tsaren kuma su tayar da cikakken mai rai. Jini tishu ne domin tarin ƙwayoyi ne masu aiki tare, sai dai abin da ya haɗa su ruwa ne, ba abu mai tauri ba kamar na ƙashi.

Ni da cutar sikila nake koyar da wannan, domin da wuya ka sami ajin da babu wanda ya san mai fama da ita, kuma nakan yi maganar da taka-tsantsan saboda wani lokaci mai cutar yana zaune a gabana. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin. An gina shi da sarƙoƙin ƙananan tubala da ake kira amino asid. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da amino asid 146, kuma na shida kaɗai ne ya sauya a jikin mai sikila. Wannan ɗan sauyi ne ke sa ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kimanin kwana 120 da lafiyayya ke yi. Daga nan jinin kansa ya ragu, ga shi mun hau matakin tishu. Lanƙwasassun ƙwayoyin su toshe ƙananan hanyoyin jini, saifa da ƙoda da ƙashi su galabaita, zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓin, har abin ya kai ga yaron da ke kwance kan tabarma yana kukan ciwon ƙafa a daren hunturu. Duk ɗalibin da ya bi wannan zare da ni, ban ƙara ganin ya rikita jerin ba.

Zaren bai tsaya a jikin mutum ɗaya ba. Idan masu AS biyu, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya cikin iyayensu kaɗai, suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cikakkiyar cutar, kuma yawan masu AS a ƙasarmu yana da nasaba da kariyar da suke samu daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Ka ga an shigo da al'umma, da sauro, da fadamar da sauron ke ƙyanƙyasa a cikinta, wato matakan da ke sama da mai rai guda.

Ka ja kunnensa kan abu ɗaya da ke kayar da ɗalibai: ba kowace halitta ce ke hawa duk matakan ba, domin amiba ƙwaya ɗaya ce tak, amma tana ci, tana motsi, tana hayayyafa. Sannan in Allah ya kai mu Babbar Sallah, ka tsayar da shi wurin fiɗar rago, ya taɓa huhu, ya bi maƙogwaro har tumbi da hanji da hannunsa, kana tambayarsa wanne ne gaɓa, wanne ne tsari.