Wane jirgin ruwa za mu hau zuwa Tahiti da Bora Bora?

Ɗan'uwa, ka ce kuna son kai da uwargida ku yi hutu a jirgin ruwa na alfarma tsakanin tsibiran Folinisiya da ke tekun Pasifik, kana tambayar jirgi da lokaci.

Fara da biza tukuna. Tsibiran nan mallakar Faransa ne, amma bizar Shengen, wato ta shiga ƙasashen Turai, ba ta shiga da kai can. Akwai ta yankunan Faransa na ƙetare, ita za ka nema. Kuma jiragen sama daga Faris zuwa Papeete, babban birnin da ke tsibirin Tahiti, suna yada zango a Amurka, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Amurka ko da ba zai fita filin jirgi ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Lokaci kuwa, daga Mayu zuwa Oktoba ne rani a can, ruwan sama kaɗan.

Ni dai ƙaramin jirgi zan ba ka shawara, irin Paul Gauguin mai ɗaukar mutum kusan 330. Tafiyar kwana 7 tana bi ta Moorea, Taha'a da Bora Bora. Da asuba ka buɗe taga ka ga dutsen Otemanu na Bora Bora ya tokare sama, ruwa shuɗi garau har kana ƙirga kifaye a ƙasa. A Taha'a ƙanshin banila ne zai tarbe ku tun daga bakin gaɓa.

Abinci ba matsala, kifi ya wadata. Amma ka sanar da kamfanin tun wajen biyan kuɗi cewa ba kwa cin naman alade, kuma kada a sa giya a girkinku.